Mai Cokali da Rawayar Hodarsa

Sauran maza biro suke sokewa a aljihun gaban riga, shi cokali yake sokewa. Cokalin shayi ne na ƙarfe, bakinsa ya rine da rawaya har wanki ya daina fitar da ita. Da haka sunansa ya ɓace a unguwar, kowa Mai Cokali yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa in suna zancensa a bayan ido. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar sunan a matsayin tsokana ba, sarauta ya ɗauke shi. Ƙanwarsa, autar gidansu, ita kaɗai ta ƙi kama sunan. Yaya take ce masa, amma yadda take jan kalmar, da zaginsa ta yi kai tsaye da ya fi sauƙi.

Auta ta san shi tun kafin cokali, shi ya sa bai taɓa burge ta ba. Ta san lokacin da aka kai shi koyon gyaran rediyo, bai rufa wata ba ya dawo ya ce ya fi ubangidansa. Rediyon mahaifinsu da ke ɗan shaƙewa ya buɗe, ya mayar da shi bebe. Ta san lokacin tuƙi, da ya koya wa katangar maƙwabta hankali. Ta san lokacin ɗinki, da ya yi wa kawunsu wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya tsaya yana rantsuwa cewa ƙafar kawun ce ba daidai ba. Duk sana'ar da ya shiga da baki yake shiga, ya fito da labarin cewa hassada ce ta kore shi. Mahaifiyarsu kuma kullum tana gefensa, tana cewa yaron nan ƙwaƙwalwa ce ta yi masa yawa, shi ya sa ba ya zama wuri ɗaya.

Da mahaifinsu ya rasu, sai ya gaji filin bayan gida. Ya kafa turaku, ya zagaye da ragar waya, ya rufa kwano, ya zuba 'yan tsaki. Ba a jima ba zawo ya shiga cikinsu, kullum da safe a kwashe gawa a kwando. Ya ruga shagon kayan kaji, mai shagon ya ba shi wata rawayar hoda mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a riƙa jiƙa musu a ruwan sha na 'yan kwanaki, sannan a daina. Aka jiƙa, kaji suka miƙe. Wannan ita ce nasara ta farko a rayuwar Mai Cokali, kuma ita ce ta kashe shi a tsaye. Rabin farko na maganar mai shago ya taho da shi gida, rabin da ya ce a daina kuwa, a kan kantar shagon ya baro shi.

Hujjarsa ɗaya ce, kuma yana faɗin ta da ɗaga yatsa sama. Abin da ya yi aiki ranar ciwo, ai ranar lafiya sai ya fi yi. Saboda haka kullum safiya, ko kaji na ciwo ko suna rawa, sai ya zaro cokali ya auna hoda ya zuba a mazubin ruwa. Daga kaji abin ya tsallaka cikin gida. Yaro ya yi atishawa, cokali. Haƙori ya motsa, cokali. Wani ya faɗi ya ƙuje gwiwa, a barbaɗa masa. Maƙwabta suka gane akwai magani na banza a gidan, suka fara sallama da kofi a hannu. Da yake yawancin mura da kanta take tafiya, duk wanda ya warke sai a ce aikin hoda ne. Wanda bai warke ba kuma, Mai Cokali ya ce bai sha da yaƙini ba.

"Kaza da mutum duk jini ne," haka yake cewa. "Bambancin kawai gashi."

Aikin kajin kuwa ba shi yake yi ba. Matarsa ce. Ita take kankare kashin kaji daga ƙasa, ta ɗauki buhun abinci, ta wanke mazuban ruwa da suka yi yauƙi, ta tsince ƙwai, ta fige waɗanda aka yanka wa masu saye. Mace ce mai ƙarancin magana da saurin hannu, kafin ka gama gaisawa da ita ta fige kaza ta wanke. Shi nasa ya goya hannu a baya, ya bi ta yana gaya mata yadda ake yi. In baƙi suka zo ganin kaji, sai ya ce, "Duk wannan ni kaɗai nake fama," alhali tana durƙushe a gabansu da tsintsiya.

Auta a ɗakin bincike na babban asibiti take aiki. Idan aka ɗebo mugunya daga miki, ko fitsari, ko majina, wurinsu ake kawowa. Sukan shafa abin a kan faranti mai ɗauke da wani daskararren abinci da ƙwayoyin cuta ke so, su jera ƙananan takardu zagayayyu a kai, kowacce an jiƙa ta da magani daban, su rufe su sa a akwati mai ɗumi. Washegari in an buɗe, ƙwayoyin sun tsiro sun rufe farantin, amma kewayen duk takardar da maganinta ke aiki sai ka ga fili fes, ba abin da ya iya matsowa. Da faɗin wannan fili ake gane maganin da za a ba mara lafiya. Ban da wannan, shugabarsu tana jagorantar neman sababbin magunguna, domin tsofaffin kullum filinsu ƙara tsukewa yake. Aiki ne na haƙuri, a shekara ana gwada abu a zubar.

Wannan aikin shi ne abin dariyar Mai Cokali a duk taron gida.

"Auta, bana me kuka gano?" in ji shi, yana kallon jama'a don su shirya dariya. "Duk wannan karatu, ashe ƙarshensa wankin faranti. Ni kiwon kaji nake, ita kiwon cuta. Nata ko ƙwai ba sa yi."

Wata rana ta daure ta zaunar da shi, ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa mai hankali. Ta ce, "Yaya, duk ranar da ka zuba hodar nan, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa. Masu taurin kai su ne ke saura, su samu fili su hayayyafa. Kana nan wata rana za ka wayi gari duk na gidan nan masu taurin kai ne. Ranar da wani ya kwanta da gaske, ba maganin da zai ji."

Ya saurare ta har ƙarshe yana sakace haƙori, sannan ya ce, "To ai da sauƙi. Sai in ƙara cokali."

Mahaifiyarsu da ke gefe ta ce, "Ke dai ki bar yayanki. Allah ne ya ba shi hannun magani, ba sai da farar riga ba."

Auta ta kalle shi, ta ƙara raina shi. Da jahili ne ma da ta yi masa uzuri, amma shi ɗan abin da ya sani ne ya ɗaure shi, ƙaramin sani ƙuƙumi. Daga ranar ta daina yi masa bayani, sai dai ta riƙa jan matarsa gefe tana ce mata, "Anti, in ya jiƙa wa yara, ki zubar a bayan ɗaki." Matar takan ce to, amma a gabansa yake tsare su har sai sun shanye.

Abin ya zo ta inda ba a zata ba. Matarsa na wanke mazubin ruwa, wani silin waya da ya ɓalle daga raga ya tsage mata tafin hannun dama, tsakanin babban yatsa da manuniya. Ba wani babban rauni ba ne, irin wanda ake wankewa a ɗaure ne a huta da ruwa. Mai Cokali ya zo da rawar jiki, abin nema ya samu. Ya barbaɗa hoda har raunin ya ɓace a ƙarƙashinta, ya ɗaure da tsumma, ya ce ta koma bakin aiki, gumi ma magani ne. Ta koma, ta ci gaba da tsoma hannun a ruwan kaji safe da yamma.

Hannu ya kumbura, ya ce hoda ce take faɗa da cuta. Ya fara zafi da bugawa, ya ce alamar nasara ce. Zazzaɓi ya zo, ya ninka cokali, ya je kemis ya sayo kafso kala-kala, wasu ya ba ta ta haɗiye, wasu ya ɓare ya zazzage a kan mikin. Da ta ce a kai ta asibiti, sai ya ɓata rai, ya ce so take ta tona masa asiri a unguwa, a ce mai ba mutane magani ya kasa na gidansa. Ya kuma gargaɗe ta cewa in Auta ta zo, ta shige ɗaki ta ce barci take.

Abin da ya tona shi tsintsiya ce. Auta ta shigo ranar hutunta, ta tarar da yayanta a sunkuye yana shara a cikin akurki, yana riƙe da tsintsiyar kamar za ta cije shi. Tunda take ba ta taɓa ganin wannan ba.

"Yaya, ina Anti?"

"Barci take. Kar ki tashe ta."

"Da hantsin nan? Ita da kaji ma ba sa riga ta tashi?"

Ba ta jira amsa ba ta ɗaga labule. Warin ne ya fara tarar ta, wari ne da ta sani daga wurin aiki. Matar na kwance ta jingina hannun a kan matashi, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe. Auta ta warware tsumman a hankali. Yatsun sun yi suntum, biyu sun fara baƙi, wani jan layi ya haura har ya wuce wuyan hannu. A kan mikin kuwa rawayar hoda ta cakuɗe da mugunya ta yi ɓawo.

"Anti, tun yaushe?"

"An kwana biyu," in ji matar da ƙyar. "Baban yara ya ce ya kusa fashewa."

Mai Cokali ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yau ma nake shirin canja mata haɗi. Ke kin cika gaggawa."

Auta ta juyo ta ce, "Yaya, matsa min daga hanya."

"Ni kike gaya wa haka? A gidana?"

"Wallahi in ba ka matsa ba, zan fita ƙofar gida in kira duk wanda ka taɓa ba hoda, su zo su ga aikinka."

Nan take ya matsa. Ba ciwon matarsa ne ya matsar da shi ba, kunyar unguwa ce, kuma Auta ta lura da hakan.

A asibiti aka kwantar da matar, aka sa mata ruwa, aka wanke mikin, aka fara allura kafin sakamako ya fito. Abin da aka ɗebo daga hannun kuwa, teburin Auta ya zo. Abokiyar aikinta ta ce ta bari ita ta yi, Auta ta ce a'a. Ta sa safar hannu, ta yi duk abin da ta saba yi, ta jera takardun magani a kan farantin, tun daga masu araha har waɗanda ake ɓoyewa sai ta ɓaci. Ta rufe ta sa a akwatin ɗumi tana addu'a a zuci.

Washegari aka buɗe. Ƙwayoyin sun rufe farantin kaf. Sun tsiro har jikin takardun, ba fili ko na sa tsinin allura, kamar ba magani aka ɗora ba. Takarda ɗaya ce tak ta samu ɗan siririn fili a kewayenta. Shugabarsu ta ɗaga farantin ta duba a haske, sannan ta tambaya ko mara lafiyar ta yi shekaru tana kwance a asibitoci ne.

Auta ta ce, "Ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai haihuwa. Mijinta ne mai kaji."

Shugabar ta ajiye farantin.

Wancan magani ɗaya da ya rage aka koma ba matar, allura ce mai wahalar da ƙoda. Ya tare cutar daga haurawa jiki, amma bai iya dawo da naman da ya riga ya mutu ba. Likitan tiyata ya tara su a bakin gadonta, ya yi magana ba kwana-kwana. Ya ce ko a cire hannun daga ƙasan gwiwa, ko a rasa ta gaba ɗaya, kuma ba lokacin dogon shawara.

A nan ne Mai Cokali ya ga ranar nuna kansa. Ya ɗaga murya har masu jinya na gadajen gefe suka juyo. Ya ce ya kawo matarsa da hannu biyu, da biyu zai koma da ita. Ya ce asibiti ba su iya komai ba sai yanka. Ya ce su ba shi ita ya koma da ita gida, akwai wata sabuwar hoda da mai shago ya kawo, ta fi ta da ƙarfi, kaza ko ta fara sandarewa tashi take.

Likitan ya ce, "Malam, wannan ba kaza ba ce."

"Ai duk..."

"Baban yara."

Matar ce ta yi magana. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma ya yi shiru, wataƙila don bai saba jin ta katse shi ba. Ba ta kalle shi ba, likitan ta kalla.

"Likita, ku cire. Ina da yara ƙanana."

Aka cire. Auta ta zauna a bakin ɗakin tiyata tana kuka, rabi na tausayi, rabi na takaici. Yayanta kuwa yana can ƙarshen baranda ya samu wani mai jinya yana ba shi labarin yadda aka yi masa fin ƙarfi. Mahaifiyarsu ta zo daga baya, ta ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Auta ta ce haka ne, amma ba ta iya kallon fuskarta ba.

Bayan an sallami matar, shugabar ɗakin binciken ta nemi a je a ɗebo ruwan kajin da kashinsu a gwada. Suka zo da fararen riguna da kwalabe, Mai Cokali ya tarbe su da sabuwar riga, yana nuna musu lungu-lungu kamar masu ba da lambar yabo ne suka zo. Gwaji ya nuna irin ƙwayar da ta ci hannun tana nan jingim a mazuban ruwan. Aka zaunar da shi aka ce ya daina zuba hoda sai likitan dabbobi ya ce a zuba, ya gyaɗa kai ya ce ai shi ma dama yana da wannan tunanin. Ƙwayar kuwa aka adana ta a firiza, aka ce za a aika wa wasu masu bincike su gwada sababbin magungunansu a kanta, tunda samun mai taurin kai irinta sai an tona. Auta ce ta yi kuskuren faɗa masa wannan, a zatonta zai ji nauyin abin.

Wata ranar hutu da yamma ta zo duba matar. Tun daga kan kwana ta jiyo muryarsa. Yana zaune a benci a ƙofar gida, ya harɗe ƙafa, mai wanki da mai faci da wani tsohon direba sun kewaye shi.

"Ku tsaya ku ji," yake cewa. "Duk maganin da ke cikin babban asibitin nan aka jero wa ƙwayar cutar nan, ɗaya bayan ɗaya. Ko gezau! Shugabar su Auta da kanta ta riƙe baki. Yanzu haka tana cikin firiza an kulle, har wata ƙasa za a aika da ita, manyan masana su gwada ƙarfinsu. Kun san a ina aka samo ta?" Ya bugi ƙirji. "A gidan nan. Ga Auta nan ku tambaye ta, in ƙarya nake."

Mai faci ya sunkuyar da kai. Tsohon direban ya juya yana kallon titi. Auta ta wuce su ba ta ko yi sallama ba, don ta san in ta buɗe baki abin da zai fito ba na ƙanwa ba ne.

A tsakar gida ta tarar da matar zaune a kan kujera 'yar tsuguno, baho a gabanta, tana wanke rigar makarantar ƙaramin ɗanta. Ta gama cuɗawa da hagu, ta zo matsewa. Ta take gefe ɗaya da ƙafa, ya suɓuce. Ta sa haƙori ta cije wuyan rigar, tana murɗawa da hannu ɗaya, ruwan sabulu na bin haɓarta. Da ta ga Auta sai ta saki, ta goge baki da kafaɗa.

"Kin ji shi ko?" in ji ta.

Auta ta durƙusa a gefen bahon.

"Tun safe yake faɗa. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi." Ta ɗago jiƙaƙƙiyar rigar daga cikin bahon ta miƙo mata gefe ɗaya. "Kama min nan, Auta. Gobe da ita zai tafi makaranta."